Tambaya da Amsa: Na samu shago mai araha kusa da kogin Odaw, in kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da hijabai, na samu shago a unguwar Alajo kusa da kogin Odaw a nan Accra, hayar kusan rabin ta unguwar Nima ce amma mai shagon kuɗin shekara biyu yake so a dunƙule. Mutane na ce min ruwa na shiga wurin, shi kuma ya ce ai ba kowace shekara ba. In kama ne?
Wata 'yar kasuwa daga Mamobi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Gaskiya mai shagon ya faɗa, ba kowace shekara ba ne, amma wannan maganar ita ce ke cin jarin mutane, don haka ki zauna ki yi lissafi kafin ki ciro ko sisi.

Lissafin ba wuya. Misali nake bayarwa fa, ke ce kika san jarinki: a ce kayan shagon na sidi 60,000 ne, a ce ruwa na shiga sau ɗaya duk shekara uku, kuma in ya shiga rabin kaya yake lalatawa, to asarar 30,000 ke nan, ki raba ta gida uku, kin ga duk shekara kamar kina biyan ƙarin haya 10,000 ne ba ki sani ba. Ki ɗora wannan kan hayar Alajo sannan ki gwada da ta Nima. Kuma ban sa kwanakin da shago zai yi a rufe ana kwasar laka ba, ga shi atamfar da ruwan gwata ya taɓa ko an wanke an goge sai dai a karyar da ita.

Alajo kwari ne Hajiya, tsakanin Odaw da rafin Onyasia take, ruwan da ya sauka can sama wajen tsaunukan Akwapim nan yake biyowa, babbar gwatar Nima ma cikin Odaw take zuba, duka su nufi tafkin Korle su faɗa teku, in yashi da leda da robobi sun toshe hanya ina kike so ruwa ya je in ba ɗakunan mutane ba? Ba wanda ya manta 3 ga Yuni 2015, daren da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Circle, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu ya ba iyalai haƙuri. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 na shirin GARID don gyaran yankin Odaw, amma kar ki ɗora jarinki a kan an ce ana gyara, ki je ki gani da idonki.

Ki je unguwar ba tare da mai shagon ba. Ki tambayi mai waake da mai ɗinki na kusa, su ba su da ribar ɓoye miki komai, ki ce yaushe ruwa ya shigo na ƙarshe kuma ina ya kai, gwiwa ko ƙugu. Ki duba bango, ruwa na barin shaida, in kin ga sabon fenti daga ƙasa zuwa rabi kawai to ki yi tambaya. In maƙwabta duk sun gina dakali a bakin ƙofa, amsa ce wannan.

Ni dai a ganina mai kayan yadi bai kamata ta zauna nan ba. In kuma dole ce ta sa, kar ki biya shekara biyu, dokar haya ta Ghana wata shida ta yarda a karɓa gaba duk da ba a cika bin ta ba, ki nemi a rage. Ki sa kafinta ya yi miki kanta mai tsayi, daga Mayu zuwa Yuli ki bar yawancin kaya a gida, haka ma wajen Oktoba. Ki riƙa bin sanarwar hukumar yanayi da ta NADMO, hukumar agajin gaggawa, lambar gaggawa 112 ce, kuma in ruwa ya fara hawa da dare don Allah kar ki fito ceton kaya.