Amsa: Me ya sa kuɗin tikiti ba ya riƙe gidan adana zane-zane?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa gwamnati ke zuba kuɗin haraji a gidajen adana zane-zane alhali suna sayar da tikiti. Ai kuɗin ƙofa ba ya kai ko'ina. Kafin a rataye zane ɗaya da aka aro daga wata ƙasa, sai an ƙera masa akwati na musamman, ma'aikaci ya rako shi a jirgi, an daidaita sanyi da damshin ɗakin dare da rana. Ga inshora kuma, uwa uba. Shi ya sa a 1975 Amurka ta yi dokar da gwamnati ke tsayawa a madadin kamfanin inshora: in zanen aro ya lalace, ita za ta biya. Birtaniya ma tana da irin wannan tsari.

Ni dai na fi ganin amfanin kuɗin a wajen 'yan makaranta. Dubi gidan adana zane-zane na birnin Ditroyit a Amurka: a 2012 mazauna gundumomi uku suka kaɗa ƙuri'a aka ƙara musu ɗan harajin gidaje don tallafa wa gidan, su kuma suna shiga kyauta, har motar ɗauko ɗalibai gidan ke biya. A 2020 suka sabunta.