Nonon da aka tatsa aka ajiye, amfaninsa yana raguwa?

'Yar'uwa, kin ce kin haihu bakwaini a Marwa ta ƙasar Kamaru, nononki bai kawo ba, yayarki ke tatsa miki nata, kina fargabar ajiya ta kashe masa amfani. Allah ya raya mana, ya ba ki lafiya.

Sanyi ba ya yi wa nono ɓarna sosai. A firji yana kai kwana 4. In an daskarar da shi, furotin da sukarinsa suna nan, sai dai bitamin C yana raguwa in ya daɗe. Kina ganin maiƙo ya taso sama kamar na madarar shanu, kada ki zubar, juya kwalbar a hankali ya haɗu, ƙibar jariri tana nan.

Zafi ne abin tsoro. A wuraren adana nono ana ɗumama shi a digiri 62.5 na minti 30 don kashe ƙwayoyin cuta, kuma ko hakan yana rage sinadaran kariya, yana lalata wanda ke taimaka wa jariri narkar da mai. Balle tafasawa a murhu! Ki sa kwalbar cikin ruwan ɗumi kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗauke wutar lantarki da ake yi mana. Awa 4 da ake cewa nono yana iya yi a ɗaki ba firji, a digiri 25 ne, ba zafin Afrilu na Marwa ba. Wanda ya narke kada ya koma kankara.

Yayarki ta yi gwajin ƙanjamau tukuna. Ku kuma rubuta wadda ta shayar, saboda hukuncin aure nan gaba.