Gyaran ciyawar gida bayan sanyin Ingila

'Yar'uwa, kin ce ciyawar bayan gidanku a Ingila ta cika da gansakuka bayan sanyi. Ki bari sai Afrilu, ƙasa ta ɗan sha iska, sannan ki karce gansakukar da manjagara. Wurin zai yi muni na 'yan makonni, amma zai farfaɗo. Inda ya yi sanƙo ki watsa irin ciyawa, ki riƙa ba shi ruwa. A yankan farko ki ɗaga wuƙar injin yankan ciyawa, kada ki cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta.

Dashen tumatir kuwa ki bar shi a bakin taga ta cikin ɗaki har ƙarshen Mayu. Ni na taɓa yin gaggawar fitar da nawa, sanyin dare ɗaya ya ƙone shi ƙurmus.