Me ya sa ake harbin sufakondakta da gangan?

Tambaya: Malam, na ji wai masu bincike kan harbi sufakondakta da firoton ko niyutiron, wato ƙananan ɓurɓushin da ke cikin ƙwayar zarra, don ya ƙara ɗaukar lantarki. Ta yaya lalata abu zai ƙara masa ƙarfi?

Amsa: Ɗan'uwa, sufakondakta dai abu ne da wuta ke bi ta cikinsa ba turjiya in an sanyaya shi sosai, amma akwai iyakar wutar da zai ɗauka. Da an ƙetare ta, turjiya ta dawo. Wannan iyaka ake son ɗagawa.

A irin waɗanda ake yin manyan maganaɗisu da su, kamar YBCO da aka gano a 1987, ƙarfin maganaɗisu yana kutsawa ciki a matsayin siraran zarurruka, kamar yadda Alexei Abrikosov ya bayyana a 1957. Wuta na gudana, sai ta riƙa tura zarurrukan gefe. Motsinsu shi ne ke haifar da zafi da asara. Kiristal mai tsafta ƙal ba shi da abin da zai riƙe su, shi ya sa wutar da yake ɗauka ba ta taka kara ta karya ba. Tabon da harbi ya bari kuwa tamkar turke ne: a wurin an riga an kashe halin sufakondakta, don haka zaren ya fi samun sauƙin zama a can, kuma sai da ƙarfi za a tumɓuke shi.

Siffar tabon ita ce magana. Firoton kan bar ƙananan ɗigo-ɗigo a warwatse, niyutiron mai gudu ya bar dunƙule na nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ayon mai nauyi kuwa, wato ƙwayar zarra mai cajin lantarki, ratsawa yake ya bar doguwar hanya miƙaƙƙiya. A 1991 Leonardo Civale da abokan aikinsa sun harbi YBCO da ayon na kuza mai ƙarfin gaske, suka samu hanyoyin da kaurinsu ya yi daidai da cibiyar zaren. Zare ya kwanta a ciki tun daga sama har ƙasa, riƙon ya yi ƙarfi matuƙa, musamman in maganaɗisun ya fuskanci inda hanyoyin suka dosa.

Sai dai abin yana da ƙa'ida, kuma a ganina nan ne ya kamata ka fi sa ido. In harbi ya yi yawa, tabo ya cinye hanyar wutar, zafin da abin ke jurewa kafin ya daina zama sufakondakta ya sauka, iyakar wutar da ta hau ta juyo ƙasa. Gwaje-gwajen da aka yi a tukunyar nukiliya ta TRIGA a birnin Biyana na Ostiriya sun nuna haka a wayoyin REBCO, wato dangin sufakondakta da YBCO ke ciki, har ma waɗanda aka riga aka cusa wa turaku tun a masana'anta sun fi saurin lalacewa. Masu gina injinan haɗa ƙwayoyin zarra don samar da makamashi, irin su ITER a Faransa da SPARC a Amurka, dole su lissafa wannan, domin niyutiron zai riƙa dukan maganaɗisunsu muddin injin na aiki, kuma da lissafin ne ake yanke kaurin garkuwar da za a sa tsakani.