Ajiye sodar sabulu a gida mai yara

Hajiya, kin ce sodar da kika sayo a kasuwar Dambatta ta fara dunƙulewa a leda, ga yara a gida.

Soda tana jan danshi daga iska, shi ya sa take jiƙewa da damina ta rage ƙarfi. Ki juye ta a robar fenti mai kauri wadda murfinta ke kamawa gam. Duba gindin robar: lamba 2 ko 5 ita ce daidai. Kada ki kuskura ki zuba a kwanon alminiyum, cinye shi take yi. Kwalba kuma tana iya fashewa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu jiƙa soda su bar ta a gorar ruwa ko kofin sha. Fara ce tas kamar sukari, ruwanta kuma ba launi, yaro mai ƙishirwa ba zai bambance ba. Akwati mai kwaɗo, nesa da madafi, ki yi wa robar jan alama. Iya wadda za ki yi aiki da ita a ranar za ki jiƙa.

In yaro ya sha, ban da sa shi amai, ban da ɗura manja. Asibiti kai tsaye, ki tafi da robar likita ya gani. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, sannan a tafi.