Ku Tambaya Mu Amsa: Masu duba gari na iya shiga gidana ba takardar alƙali?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a nan Yamai, unguwar Bukoki nake. Ranar Talata ina shago wasu mutum biyu suka zo gidana wai ma'aikatan tsabta ne, suna son su ga gologon da ruwan wanka ke fita cikin lungu, uwargida ta ce maigida ba ya nan, suka ce za su dawo. Da na ba ƙanena da ke Amurka labari a WhatsApp sai ya ce kar in kuskura in buɗe musu sai sun kawo takarda daga hannun alƙali, wai can haka ake. Gaskiya ne? Nan ma haka abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko a gaida uwargida, ta yi daidai, ko babu wata doka ta bature ai kowa ya san baƙo a zaure yake tsayawa, kuma aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun riga sun gama magana kan shiga gidan mutane ba izini.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka. Abin ya samo asali ne a birnin San Faransisko a 1963. Wani mutum Roland Camara ya kama hayar ƙasan wani bene, ma'aikacin duba gidaje ya ji cewa yana kwana a wurin alhali takardun ginin ba su yarda a zauna a nan ba. Aka zo masa har sau uku yana cewa ina takardar kotu, a ƙarshe aka gurfanar da shi don ya hana ma'aikata aiki. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli ta Amurka, a 1967 ta ce mutumin nan yana da gaskiya: gyara na huɗu na tsarin mulkinsu, wanda ya hana hukuma binciken gidan mutum ba bisa ƙa'ida ba, ba wanda ake zargi da sata kaɗai yake karewa ba, har wanda aka zo duba masa wayar lantarki ko masai. Da wannan ta rushe hukuncin da ita da kanta ta yanke a 1959, wanda ya yarda masu duba gari su shiga ba takardar alƙali.

To ga inda ƙanen naka ya yi shiru. Ita wannan takarda samun ta ba wuya, ko kaɗan ba ta kai ta binciken mai laifi tsauri ba. Ma'aikaci ba sai ya nuna wa alƙali cewa lallai kai ka taka doka ba, ya isa ya ce unguwar an daɗe ba a duba ta ba, ko gine-ginenta sun tsufa, kuma tsarin zagayen nasu ya biyo ta kanka. A Kalifoniya misali takardar kwana 14 take aiki, ana shiga tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma sai in alƙali ya ce ba haka ba, in ka taɓa hana su kuma sai an ba ka sanarwar awa 24, amma fa daga ranar da ta fito in ka sake tare ƙofa kai ne mai laifi. In kuwa abu na gaggawa ne irin gobara ko annoba, ba wanda zai tsaya jiran sa hannun alƙali. Faransa ma, wadda yawancin dokokinmu daga can aka kwaso su, tun 2018 masu duba gini ba sa shiga inda mutum ke kwana sai da yardarsa, in ya ƙi su tafi wurin alƙali. Kenan takardar jinkiri take sayo maka da kuma idon alƙali a kan aikin, shigar dai za a yi ta.

Nan gida kuma, tsarin mulkin 2010 a sashe na 27 ya ce gidan mutum ba a keta shi, bincike sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. An dakatar da tsarin mulkin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma hakan bai mai da gidajenmu tashar mota ba. A ɗaya gefen an kafa dokar tsabtar jama'a tun 1993, ita ce ta hana zubar da ruwan ƙazanta a kan hanya, kuma aikin masu duba gari ba yau aka fara shi ba, tsofaffi na ba da labarin yadda tun zamanin Nasara ake leƙa randuna ana neman 'ya'yan sauro. Hukuncin San Faransisko kuwa can ya tsaya, kar ka ɗauko shi ka karanta wa ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, dariya zai yi maka.

In sun dawo ka fito da kanka, ka nemi katin aikinsu da takardar da ofis ya turo su da ita, don akwai 'yan damfara masu sa riga su shiga unguwa. In ta tabbata su ne, ni shawarata ka shigar da su kana tsaye, mata su gyara tukuna, su duba abin da ya kawo su kawai, gologo ba ya cikin ɗakin kwana. In an ci ka tara kar dala ta fita hannunka sai da kitansi mai hatimi, wanda ya ce ba ni jika biyu mu kashe magana, gobe wani zai zo ya sake tayar da ita.

Amma tsakani da Allah ɗan'uwa, kai da bakinka ka ce ruwan cikin lungu yake fita, wannan ai ko ƙofarka ba sai an taɓa ba, daga titi za a gan shi a rubuta ka, kuma ina kyautata zaton wani maƙwabci ne ya gaji ya kai ƙara. Ka nemo magini ya zurfafa ramin ya rufe shi da dalle, wato murfin siminti, kafin damina ta faɗi.