Kun Tambaya: Tsanin Share Indararo da Wanke Taga

Hunturu ya tafi ya bar ƙura a jikin tagogi, ruwan Maris kuma yana bakin ƙofa. Shi ya sa wasiƙun wannan mako kusan duk a kan tsani suka zo.

Wani maigida daga Asawase a Kumasi: Gidana bene ne, hawa ɗaya. Mai shago a Adum ya ce tsani mai zugewa na ƙafa 20 zai kai ni indararo. Zai kai?

Ba zai kai ba, Alhaji. Tsawon da aka rubuta a jiki ya karanta maka. Tsani mai zugewa gida biyu ne, kuma ko an zuge shi iyaka dole na sama ya hau kan na ƙasa da kamar ƙafa 3. Mai ƙafa 20 ya koma 17 ke nan, mita 5 da 'yan kai. Sannan jingina shi za ka yi, kuma matakai uku na can sama ba na takawa ba ne, na kamawa ne. Bakin rufin bene yakan kai mita 6, kan tsani kuwa ana so ya zarce shi da mita 1. Mai ƙafa 28 za ka nema. Ka fara auna naka gidan da igiya kafin ka fita kasuwa, ka kuma sani tsani mai wannan tsawo mutum biyu ke tayar da shi.

Wani saurayi daga Aboabo: Na ga tsani a Facebook, irin mai shigewa cikin juna har ya shiga but ɗin mota. Sun ce mita 6 ne, akwai tambarin EN 131, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. In tura kuɗi ta waya (MoMo), ɗan babur ya kawo. Me kuka gani?

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Abin da za ka ɗora ranka a kai mita 6 daga siminti, shi za ka saya daga hoto? Ko takalmin kasuwar Kejetia sai ka sa ƙafa ka gwada.

EN 131 ƙa'idar Turai ce, kuma ta gaske ce. Tsanin da ya cika ta yana ɗaukar kilo 150, kai da bokiti da kayan aiki gaba ɗaya. Tun 2018 ƙa'idar ta ce tsanin jingina da ya wuce mita 3 sai an faɗaɗa gindinsa, shi ya sa za ka ga na kirki da doguwar sanda a kwance a ƙasa. Amma takardar liƙawa kowa na iya bugawa. Ta gaske tana ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, da iyakar nauyi, da zanen yadda ake kafa shi, kuma akwai 'yar takardar bayani a haɗe. In ka ga “EN 131” shi kaɗai da manyan baƙaƙe, babu sunan wanda ya ƙera, to babu wanda za ka kama ranar da abin ya faru. Na Amurka ajinsu daban: aji III kilo 91, aji II kilo 102, aji I kilo 113, aji IA kilo 136. Ƙato mai kilo 90 ya rungumi bokitin laka ya hau aji III, ya wuce iyaka tun daga matakin farko.

Shi irin wannan mai shigewa cikin juna, kowane mataki 'yan sakatu biyu ke riƙe shi, dama da hagu. Ƙurar hunturu ta shiga bututun, sakata ɗaya ta ƙi zama, kai ba ka gani ba. Kana kaiwa can sama sai ya rufta, yatsunka a tsakani. A na jabu, sakatun ma roba ce marar ƙwari, alminiyam ɗin kuma kamar gwangwanin madara.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mai tsuke bakin aljihu a kan tsani shi ne dai wanda zai canja waya sau biyu a shekara bai ce uffan ba. Araha ba ta ado. Ragin da kake murna da shi ba zai biya hoton ƙashi da kwana uku a asibitin Komfo Anokye ba, balle watannin da za ka yi kwance ba ka fita nema. In kuɗin na kirki ya fi ƙarfinka, ku haɗa da maƙwabta biyu ko uku ku saya, ko ka yi haya. Aikin nan sau biyu ne a shekara.

In ka je shago, ka sa a kwantar da shi a ƙasa. Ka tsuguna ta gindi, ka rufe ido ɗaya ka bi sandunan gefe da kallo: kowane lanƙwasa zai fito. Ka danna sandar da babban yatsa, in ta lotsa ka bar musu kayansu. Ka murɗa matakan ɗaya bayan ɗaya, kada ko ɗaya ya motsa. Sannan a tayar da shi a zuge, ka ga ƙugiyoyi biyu masu riƙe gidan sama sun zauna daram a kan mataki guda, tare. Ka duba igiya, ka duba takalman roba na ƙafafu. Na hannu da ake kawowa daga waje sau da yawa ya fi sabon jabu, muddin babu lotsawa kuma babu walda. Masu walda na Suame Magazine gwanaye ne, amma zafin wuta yana kashe ƙarfin alminiyam a gefen ɗinkin, wanda kuma aka taɓa lanƙwasawa aka miƙe ba ya komawa yadda yake.

Wata uwa daga Sawaba: Mijina ya rasu bara. Yanzu ɗana mai shekara 19 ke hawa ya share mana indararo da tsanin aro. Wayar kamfanin lantarki na ECG ta shigo gidan ta wannan kusurwar. In ya hau, gabana faɗuwa yake yi. Na ce ya riƙa kashe mita tukuna. Ya wadatar?

Mma, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Faɗuwar gabanki tana kan hanya, kuma kin kyauta da kika tambaya. Kashe mita wutar cikin gida kawai yake yankewa. Wayar da ta taso daga falwaya zuwa mita tana nan da wutarta, bolt 230, alminiyam kuwa wuta na bin sa kamar ruwa a kwata. Wannan kusurwar kada ya je ta da kansa. Ku nemi ma'aikacin lantarki mai lasisi, ko ku je ofishin ECG a yanke layin kafin a taɓa wurin. In babban layi ne ya bi ta gefen gida, mai bolt 11,000, wannan ba sai an taɓa shi ba, wutar tana iya tsallakowa. Kada kan tsani ya kusance shi da ƙasa da mita 3. Tsanin faiba busasshe ya fi aminci kusa da wuta, jiƙaƙƙen katako kuwa ba kariya ba ne. In za a canja wuri, a sauke tsanin a ɗauke shi a kwance.

Sauran gefen gidan zai iya, in ya kiyaye. Kowane mita 4 na tsawo, gindin ya ja baya da mita 1. Gwajinsa mai sauƙi ne, ke ma za ki iya dubawa daga ƙofar ɗaki: ya tsaya yatsun ƙafarsa a gindin tsani, ya miƙa hannu sosai, tafinsa ya sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarsa. Ƙasa ta zama busasshiya, ba tayil mai kumfar wanki ba, ba murfin kwata ba. Wani babba ya riƙe masa gindi har ya ɗaure saman da igiya a jikin abu mai ƙarfi. Ya cire jallabiya da silifa, ya sa wando da kambas. Yana hawa yana fuskantar tsanin, hannu biyu a kan mataki, bokiti kuma da igiya za a ja shi. Cibiyarsa kada ta fita daga tsakanin sandunan biyu; in hannu bai kai ba, ya sauko ya matsa. A kulle ƙofar da ke ƙarƙashi, a kore yara. In hadari ya haɗo, aiki ya tashi.

Wani daga Tafo Zongo: Tsanina ya gaza da kaɗan. In ɗora shi a kan ganga, ko in ɗaura masa katako?

Ko ɗaya. Wannan ma tambaya ce? Je ka ari dogo.

Wata Hajiya daga Asokore Mampong: Yaron da muka sa ya jingina tsani a jikin indararon roba, ya tsage. Yaya ake yi? Tagogin sama fa?

Hajiya, indararon roba ruwa aka yi shi ya ɗauka. Akwai ƙarfe mai hannu biyu da ake ɗaura wa kan tsani, ya tokare bango ya bar indararo a sake. Ki saya tare da tsanin. Wajen sharewa, a fara toshe bakin bututun da ke sauka da tsumma, don kada laka ta cika shi. A yanka galan a yi cokali da shi, a kwashe ganyen mangwaro da ledar ruwa da ƙurar da ta zama taɓo, ana nisa da bututun. Bokiti a rataye da ƙugiya, kada ya wuce kilo 10. Safar hannu dole ce, bakin kwano reza ne. An gama, a cire tsumman a kwarara ruwa. Inda ruwa ya kwanta, maƙalin wurin ya saki, nan sauro ke ƙyanƙyasa, nan katakon bakin rufi ke ruɓewa. A share kafin ruwan Maris sau ɗaya, a watan Agusta kafin na Satumba sau ɗaya, musamman in ruwan indararon yana shiga tanki.

Tagogi kuwa, gilashin nan mai jere-jere ana zare shi ɗaya-ɗaya daga cikin ɗaki, a wanke a baho a mayar. Ba ya buƙatar tsani. In dole sai ta waje, kan tsani ya zauna a bango, ba a gilashi ko firam ba.

Wani malami daga Sabon Zongo: Kafinta zai yi mini na katakon wawa, ya shafa fenti. Yaya?

Malam, sunan katakon bai ishe ka gargaɗi ba? Wawa ba shi da ƙarfi, ƙusa tana zarewa daga jikinsa in ya sha ruwa ya bushe. In dai sai na katako, a nemi mai tauri a kasuwar katako ta Sokoban, a sassaƙa wa kowane mataki gurbi ya zauna a ciki kafin a buga ƙusa, kuma iyakarsa gidan da ba bene ba. Fenti yana ɓoye tsagewa, a shafa masa banish mai nuna jikin katako.